Ƙwaryar da Ummana Ta Bari a Buɗe

Abin da na fara lura da shi ranar da muka isa Tunga wata ƙara ce. Ba ƙarar ruwa ba ce, ko da yake Binuwai ya cika har ya kai gindin mangwaron da ake ɗaure jirage. Ƙara ce 'yar ƙarama, ƙwas, ƙwas, kamar mutum na ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa ɗaya alhali ba ya son a ji shi. Na dubi ganyen mangwaron, ko ɗaya ba ya motsi. Na dubi Kawu Sale, yana ta sauke kayana daga jirgi bai ko ɗaga kai ba. Ban tambaye shi ba. A lokacin ba na tambayar kowa komai, yanzun ma sai ya zama dole.

Damunar bana ce ta dawo mini da wannan ƙara. Mun koma lise, makarantarmu ta sakandare, ruwa bai ɗauke a Garuwa ba. Masu moto, wato 'yan acaɓa, suna yawo da wando a nannaɗe har gwiwa, bangon ajinmu ya yi kore daga ƙasa, kuma akwai wani bokiti da aka ajiye kusa da allo saboda rufin yana yoyo. Ina zaune a bencin baya malamin lissafi yana bayani, ni kuwa ɗigar ruwan nan kawai nake ji, sai in ga kaina a tsakar gidan Dada.

Ina 'yar shekara goma a wancan lokacin. Ummana ta rasu a bazarar shekarar bayan 'yar gajeriyar jinya. Baba yana da shagon atamfa a babbar kasuwa, ba ya wuni a gida, ni kuma na kusan daina magana gaba ɗaya. Da aka ba da hutun bakans sai ya ce wa Kawu Sale, ƙanin Umma, ya tafi da ni Tunga wurin Dada ko zan ɗan sake.

Dada ita ta riƙe Umma tun tana yarinya. Bafulatana ce daga wajen Rey Bouba, aure ya kawo ta cikin masunta Hausawa ta zauna har ta tsufa. Idanunta sun yi fari, ba ta ganin komai sai haske da inuwa. Da aka kai ni gabanta sai ta kama fuskata da hannu biyu. Yatsunta duk tabon ƙuna ne, sun yi santsi kamar ba su da zane.

"Goshin Mairo ne," in ji ta. "Hancin ma nata ne. To bakin fa na waye? Kamar an ɗinke shi."

Kawu ya yi dariya. "Haka take, Dada. In kin ji muryarta ki kira ni in zo in ji."

Washegari da hantsi na bi ƙarar. Ta kai ni wani ɗan ɗaki mai rufin ciyawa a bayan gida, ba shi da ƙyaure sai tsohon asabari. Na ɗaga shi kaɗan. Da farko duhu kawai na gani, da wari irin na tsohon hayaƙi. Da idona ya saba sai na ga ƙore ne, a rataye da zare daga rufin, bakinsu yana kallon ƙasa, wasu kusa da kaina wasu can sama. Na ƙasa suna da sauran haske, na sama sun yi baƙi ƙirin. Babu iska a ɗakin. Amma ina tsaye wata ƙwarya ta juya a hankali ta taɓa 'yar uwarta. Ƙwas.

"Kallo da ido, bingel, ban da hannu."

Dada ce a bayana, bingel kuwa yarinya ke nan da Fillanci. Ban ji tahowarta ba, kuma ban san yadda ta gane ina wurin ba. Na saki asabarin na gudu.

Ruwan da ya ci gonaki a shekarar bai zo da hadari ba. Wannan ne abin da har yau yake ba ni tsoro. An yi ta ruwan sama a makonnin farko, sannan aka ɗauke. Ranar da abin ya faru rana ta fito tarwai, mata sun baza shanya. Da azahar na ga kaji suna hawa kan danga, na ga layin tururuwa yana hawan bangon madafa ɗauke da fararen ƙwayayensu. Sai ga ruwa yana shigowa tsakanin kunyoyin masara, ja, a hankali, ba ƙara ko kaɗan, kamar wani abu mai rarrafe da ya san hanya. Kafin la'asar gonakin ƙasa sun zama tafki, sai kawunan masara ne ke leƙowa. Hanyar mota ta yanke. Maƙabarta ma ta nutse, mutane suka daina kallon wannan ɓangaren.

Gidan Dada a kan tudu yake, don haka nan aka taru. Mazan suka bazu neman abin da za a ci, aka bar mata da yara: matan masunta, Fulani, da wasu Kiristoci 'yan dutse da suka sauko suna noma a bakin kogi. A cikinsu akwai Maman Pol, doguwar mace mai wushirya, wadda ta shigo da akuya a kafaɗa da tukunya a ka tana cewa, "Dada, ga baƙin da ba ki gayyata ba, kuma ba ranar tafiyarsu."

Hatsin da ke rumbu bai daɗe ba. Bayan haka kwanakin suka zama iri ɗaya. Da sassafe manya su shiga ruwa har ƙugu su tono bado, mu yara mu tsinko tafasa da rama a gefen tudu. Itace duk ya jiƙe, sai an jera shi kusa da murhu ya sha hayaƙi kafin ya kama. Tukunya ɗaya ake ɗorawa, sau ɗaya, a dama kunu tsararo wanda kana iya ganin gindin ludayi a cikinsa. Kifi ya watse cikin ciyawa, taru ba ya kama komai. Tufafinmu ba sa bushewa, jikin kowa yana warin laka. Da rana zafi ya danne mu kamar an kifa mana kwano, da yamma sauro ya taso, can cikin ruwa kuma dorina na gurnani a inda da gonar wani ce. Yunwa ba ciwo take yi kullum ba. Wani lokaci sai dai ka ji kanka ya yi sakayau, sauti ya riƙa zo maka daga nesa.

Wata safiya Dada ta sa aka sauko da ƙoren bara daga saman rumbu, farare, ba zane a jikinsu. Ta fito da ƙarafunanta na zane a cikin wani tsumma, ƙanana masu ƙota ta itace, wasu masu tsini wasu masu faɗi.

"Ina jin hannuwa da yawa zaune a gidana ba sa komai," in ji ta. "Farar ƙwarya ba ta kawo hatsin kirki. Mai zane tana kawowa. Ku matso."

Maman Pol ta ce, "Ni da hannuna bai san komai ba sai fartanya? To in mun koya da me za mu biya ki, da akuyar nan da ta rame?"

"Ba a biya," in ji Dada. "Ni ma ban biya ba."

A nan ta faɗa musu yadda abin yake tun daga matar da ta koya mata, da wadda ta koya wa wannan. Duk wadda ta koyi zane, ƙwaryarta ta farko ba a sayar da ita, ba ta kuma tafiya da ita gida. Malamar za ta zana zobe a kewayen bakin ƙwaryar, amma ba za ta haɗe shi ba, za ta bar gurbi kamar faɗin yatsa. Sai a rataye ta a ɗakin baya. Ranar da mai ƙwaryar ta koya wa wata, sai ta kawo ta, wannan sabuwar ita za ta haɗe zoben da hannunta. Daga nan a kwance ƙwaryar a ba mai ita.

"Godiyar ke nan," in ji Dada. "Ta baki ba na buƙatarta, kunnena ya cika da ita."

"To waɗancan baƙaƙen na sama fa?" in ji Maman Pol.

"Wasu aure ya kai su nesa. Yawanci sun mutu. Sun tafi ba su yi godiya ba." Dada ta juya ƙarfe a wuta. "Ta Mairo ma tana nan. Yarinyar da hannunta ya fi na kowa. Ta shiga birni ta zama matar mai shago, shi ke nan."

Ni ce nake fifita wutar, a gefenta, amma da yake ba na magana ba ta san ina nan ba. Maman Pol ta taɓa mata gwiwa. Dada ta juyo da fararen idanunta wajena. Ni kuwa na ci gaba da fifita har garwashin ya yi fari.

Tun daga ranar maganar ta zauna mini a ƙirji. Ummana da take cewa na gode ko da ruwa ka miƙa mata, a ce ta tafi ba ta yi godiya ba. Kuma kowa ya ji.

Aikin ya kama. Da an dawo daga tonon bado sai a zauna a rumfa a kewaye wuta. Ƙarfe ya yi ja, a ɗora shi a kan ƙwarya, ya yi tsuu, hayaƙi siriri ya tashi mai ƙamshi kamar gyaɗar da ta ƙone. Wannan ƙamshin yana tayar mana da yunwa, amma yana sa a manta da ita kuma. Dada ba ta gani, sai ta bi layin kowa da babban yatsa.

"Wannan na waye? Maman Pol, kunya kike yi ko zane? Ki sassauta hannu, ba doya za ki tono ba."

"Dada, layin ne ya ga yunwa ya karkace."

Ana ta dariya, har matan Fulanin da ba sa jin Hausa sosai. Wata ta koya wa ta kusa da ita yadda ake riƙe ƙwarya tsakanin gwiwoyi, wata ta fassara abin da Dada ta faɗa da Fillanci, Maman Pol tana ƙirga layi da Faransanci. Ƙwaryar farko ta kowace aka yi mata zobe mai gurbi aka rataye, saura kuma Kawu Sale ya loda a jirgi ya kai Garuwa ya dawo da masara. Kunu ya ɗan yi kauri. Ni dai ba a ba ni ƙarfe ba, an ce na yi ƙanƙanta. Wuta ce aikina, ina fifita ina kallon hannun kowa.

Da rana in mutane sun kwanta saboda zafi, sai in je ƙofar ɗakin baya in ɗaga asabari. Ina neman ta Umma, amma na sama duk baƙaƙe ne, ba a ganin zanensu. Wani lokaci ɗakin shiru. Wani lokaci da na tsaya sai su fara, ɗaya a nan, ɗaya a can. Kawu ya taɓa cewa ƙadangaru ne ke bin rufin, ko kuma danshi ne ke murɗa zaren. Wataƙila haka ne. Ni dai ban taɓa ganin ƙadangare a ɗakin ba.

Sannan fararen ƙore suka ƙare, ruwa kuma bai janye ba.

Muka koma kan bado da tafasa. Aka yanka akuyar Maman Pol, ba ta kai ko'ina ba. Ƙaramar 'yarta, wadda da take bin kaji da gudu, ta koma kwance a kan zane, tana buɗe baki kamar mai kuka amma murya ba ta fita.

Kawu ya dawo daga Garuwa ba komai a jirgi sai magana. Ya durƙusa gaban Dada ya ce akwai wani mutum a kasuwa da ke neman tsofaffin ƙore, irin waɗanda suka sha hayaƙi, yana kai wa baƙi masu son kayan da. Zai ba da hatsin da zai riƙe gidan har ruwa ya sauka.

"Buɗaɗɗiyar ƙwarya ba ta fita ɗakin nan," in ji Dada.

"Dada, masu su sun mutu. Wa zai zo ya haɗe musu?"

"Na ce ba ta fita."

"To mu zauna mu ci ƙarar su?"

Dada ta ɗaga sandarta kamar za ta buge shi, shi kuwa bai matsa ba. Sai ta sauke. Ta juya kai wajen da yarinyar nan ke kwance, ta daɗe tana saurare, ko da yake babu abin ji.

"Ranar kasuwa ka kwance na matattu," in ji ta. "Na masu rai ka bar mini."

Na gane abin da wannan ke nufi. Ƙwaryar Umma za ta bi jirgi a buɗe, ta je ta zauna a gidan wani da bai san sunanta ba, kuma maganar da Dada ta faɗa za ta tabbata ke nan har abada. Na so in ce a bar ta. Na je gaban Kawu na tsaya, ya ce, "Mene ne, Abu?" Na kalli ƙafarsa, na koma.

Ana gobe kasuwa, da azahar, mata sun tafi neman bado can nesa, Dada tana gyangyaɗi a rumfa. Akwai sauran garwashi a murhu, an bar ƙarfe ɗaya a ciki. Na tsinci wata sakaina a ƙasa, guntun ƙwaryar da ta fashe wa Maman Pol. Ban yi niyyar komai ba. Hannuna ne kawai yake son abin yi don kada in yi kuka.

Da na ɗora ƙarfen sai na ji wani abu a bayana, tsakanin kafaɗuna, kamar yatsa mai sanyi.

Umma tana da wata ɗabi'a. In zazzaɓi ya kama ni, ko na ƙi barci, sai ta kwantar da ni rubda ciki a cinyarta ta riƙa yi mini zane a baya da yatsa. Kullum iri ɗaya. Layi ya sauko yana lanƙwasa kamar ruwa, ya tsaya, ya koma da baya ya ratsa kansa, sannan ta ɗiga yatsa a cikin kowane lungu, a ƙarshe ta ja wani ɗan gajeren layi a ƙasa ta ce, "To, an rufe, yi barci." Ban taɓa ganin zanen da ido ba. Bayana ne ya san shi. Ranar nan bayana yana ji, hannuna yana bi.

"Wa ke ƙona mini abu?"

Ƙamshin ne ya tayar da Dada. Na so in ɓoye sakainar, amma ta riga ta miƙo hannu. Ta bi layin da babban yatsa. Ya karkace, wani wurin ya ƙone da yawa. Ta bi shi har ƙarshe, ta koma farko ta sake bi.

"Sale!" Ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba. "Sale, shiga ɗakin baya. Can tsakiyar rufi akwai mai jan zare. Sauko mini da ita."

Kawu ya kawo ta daidai lokacin da matan ke shigowa da bado a ka. Dada ta shafa mata ɗan man gyaɗa ta goge da gefen zanenta. Baƙin ya fita, zanen ya bayyana. Layi mai lanƙwasa, ya koma ya ratsa kansa, ɗigo a kowane lungu, ɗan gajeren layi a ƙasa. Ya kewaye ƙwaryar duka, siriri, mai tsabta. Nan na fara ganinsa da idona. Maman Pol ta ajiye kwandonta ta yi alamar gicciye a ƙirji.

"Wannan ban koya wa kowa shi ba," in ji Dada. "Mairo ce ta ƙirƙiro abinta. Ke, bingel, kin hau rufin nan ne?"

Na girgiza kai, sai na tuna ba ta gani.

"A'a."

"To wa ya nuna miki?"

Duk suna kallona. "Umma ce. A bayana take yi mini."

Kawu ya yi ajiyar zuciya. "Dada, sosa bayan yaro ai ba koyarwa ba ce."

"Kai da ka koyi tuƙin jirgi, takarda aka ba ka?" in ji Maman Pol. "Rufe mana baki."

Dada ba ta kula su ba. Ta juya mini baya, ta sassauta zanenta har kafaɗunta suka fito, ƙasusuwa zalla. "Yi mini yadda take yi miki."

Na ɗora yatsa. Fatarta tana da zafi, tana motsi a kan ƙashi kamar tsumma. Na ja layin, na koma na ratsa shi, na ɗiga, na ɗiga. Da na zo ƙarshe na ja gajeren layin, sai bakina ya faɗa da kansa, da irin muryar Umma, "To, an rufe."

Dada ba ta juyo ba. Da ta yi magana ba da mu take ba.

"Mairo, ashe kin koyar kika yi shiru. Ki yafe mini abin da na faɗa gaban 'yarki." Sannan ta ce, "A sa ƙarfe a wuta."

Gurbin bai fi faɗin yatsana ba. Dada ta riƙe ƙwaryar tsakanin gwiwoyinta, ta ɗora yatsuna a inda zoben ya tsaya. Ita ce ta ja shi da hannunta tun kafin a haife ni, ta bar shi. Na ɗora ƙarfen. Tsuu. Hayaƙin ya shiga idona. Layina ya fi nata kauri, har yau ana ganin inda aka haɗa.

Ina ɗaga ƙarfen sai ɗakin baya ya ɗauka, dukansu a lokaci ɗaya, ƙwas ƙwas ƙwas, kamar ana tafi da yatsu. Kawu ya ce shi ne ya girgiza rufin da ya hau. Ba wanda ya yi masa musu, ba kuma wanda ya leƙa.

Dada ta miƙo mini ƙwaryar. "Ta uwarki ce, yanzu taki ce. Amma ke ma kin koya, sai kin bar taki." Babu farar ƙwarya ko ɗaya a gidan, sai ta ɗauko ƙoƙon da take shan ruwa da shi. Na yi masa zanen Umma yadda na iya, ta ja zobe a bakinsa ta bar gurbi, aka rataye.

Da safe Kawu ya kwance na matattu ya jera su a jirgi. Dada ta sa aka kai ta bakin ruwa. Kowace aka ɗauko sai ta shafa ta, ta faɗi sunan mai ita, ta ce Allah ya jiƙanta, mu ce amin, Maman Pol ma ta ce amin. Jirgin ya bi ta kan gonakin da suka nutse. Ruwa kwance yake kamar faranti, amma muna jin ƙarar su har jirgin ya shige bayan itatuwa.

Ya dawo da hatsi. A ƙwaryar Umma aka zuba kunun farko, mai kauri, aka fara ba 'yar Maman Pol da ludayi, sannan ta zaga kowa ya sha. Yarinyar ta tashi. Ruwa ya janye bayan an riga an koma lekol, wato makaranta, na dawo Garuwa da ƙwaryar a ƙulle cikin ɗankwali.

Yanzu tana kan kabad a ɗakina. Ina zane a gida in na gama aikin makaranta, da ƙarafunan da Dada ta ba ni, a kan kurfoti, murhun gawayi, a bayan madafa. Kunun da muke sha a nan da madara ne da sukari, wani lokaci har a bar saura. Maman Pol ba ta yi shekara ba ta karɓi tata ƙwaryar, ta koya wa matar ɗanta da wasu mata daga cocinsu. Sauran ma, har da waɗanda aure ya kai nesa, ɗaya bayan ɗaya suka kawo waɗanda suka koya wa. Ni kuwa shekaru sun wuce ban koya wa kowa ba. In na yi niyyar yi wa wata magana sai in kasa.

Makon jiya Kawu ya zo. Ya ce ruwan bana ya tsaga bangon ɗakin baya, kuma Dada ba ta iya tashi sai an ɗaga ta.

"Ta ba ni saƙo," in ji shi. "Ta ce in gaya wa mai ɗinkakken baki, ƙoƙonta ne kaɗai ya rage a ɗakin. Wai yana hana ta barcin rana."

"Shi kaɗai, Kawu? To me yake bugawa?"

Ya dube ni, ya kau da kai. "Ni dai na isar da saƙo."

Akwai wata yarinya da muke benci ɗaya, Solanj, 'yar garin Figil ce, babanta yana aikin siminti. Na daɗe ina lura da ita. In darasi ya gundure ta sai ta riƙa zana ganye a gefen kayenta, littafin da take rubutu a ciki, kuma ba ta ɗaga biro sai layin ya ƙare. Ba mu taɓa yin magana da ta wuce ta aron magogi ba.

Jiya aka tashi ana ruwa, kowa ya ruga, muka rage mu biyu a aji da bokitin nan yana ɗiga. Na fito da sakainar daga jakata, wadda na ƙona a Tunga, na ajiye a kan kayenta.

Ta ɗauka ta juya. "Kai, wa ya yi wannan? Da wuta ne?"

"Ni ce. Ina ƙarama."

Ta zaro ido. "Ashe kina magana, Zainabu?"

Sai na ga ta ɗora babban yatsa a kan layin tana bi, ba wanda ya ce ta yi.

"Solanj," na ce, "don Allah ki zo gidanmu ranar Asabar in koya miki. In hannunki ya kama, akwai wata tsohuwa a bakin kogi da nake so ki raka ni wurinta, tun tana nan."